Amsoshin Tambayoyinku: Tara Wuƙaƙen Farauta na Gargajiya da Gwada Su da Juna

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan watannin nan sun fi karkata ga batun wuƙaƙen farauta na gargajiya, wasu daga masu tara su don sha'awa, wasu kuma daga waɗanda suka gaje su ba tare da sanin darajar abin da ke hannunsu ba. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na kuma rage tsawon wasu ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, ina da wuƙaƙe uku da na tara: puukko ta ƙasar Finlan, kukri ta Nepal, da Bowie ƙirar Amurka. Abokaina sun ce kukri ce ta fi domin ba abin da ba ta sarewa, ni kuma ina ganin Bowie ce sarauniyar wuƙaƙen farauta. Wacce ce ta fi a cikinsu?

Amsa: Ɗan'uwa, gardamar taku ba za ta ƙare ba muddin kun tsaya a kan wadda ta fi, domin ba aiki ɗaya aka ƙera wuƙaƙen nan uku su yi ba. Maƙerin gargajiya ba ya ƙirƙiro siffa don ta burge ido. Mafarauci ne ke zuwa masa da buƙata, wato irin dabbar da yake bi, irin dajin da yake shiga, da sanyi ko zafin da hannunsa zai yi aiki a ciki, sai siffar wuƙa ta biyo bayan buƙatar. Saboda haka kafin ka gwada wata da wata, sai ka fara sanin aikin da kowace ta zo yi.

Kusan duk aikin wuƙa a hannun mafarauci yana zuwa ne bayan dabba ta faɗi, domin kisa na bindiga ne ko baka ko mashi ko tarko. Abin da ya rage wa wuƙa shi ne farke ciki ba tare da an huda tumbi ko hanji ba, feɗe fata ba tare da an yi mata huji ba, raba gaɓoɓi, da ƙananan ayyuka irin su fere itace da yanke igiya. Waɗannan ayyuka suna son gajeren ruwa mai kaifi wanda yatsa zai iya sarrafa tsininsa, shi ya sa mafarauta da yawa da suka daɗe a harkar suke ƙarewa da wuƙar da ruwanta bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba.

A wannan ma'auni puukko ce ta fi kusa da aikin. Ruwanta kamar faɗin tafin hannu yake, bayanta a miƙe, kuma an zaftare ƙarfen daga wajen tsakiyar ruwan har zuwa baki a shimfiɗe guda, abin da ke sa ta ci itace da nama cikin sauƙi, ya kuma sa wasa ta ba ya wahala, tunda shimfiɗar kawai za ka kwantar a kan dutse. Ba ta da ƙarfen da ke tare hannu tsakanin ƙota da ruwa, domin mutanen da suka ƙera ta ba suka suke yi da ita ba, yanka suke yi suna jawowa. Ƙotarta ta itace ce ko ta ɓawon itace da aka jera, kuma ba a bar ƙarfe a fili inda tafin hannu zai taɓa ba, domin a sanyin ƙasar ƙarfe yana iya manne wa fata. Kubenta yana haɗiye wuƙar har kusan ƙarshen ƙota, don kada ta zame ta ɓace a cikin ƙanƙara. Garin Kauhava na Finlan ya yi suna wajen ƙera ta, inda Iisakki Järvenpää ya fara sana'ar a 1879, sannan Janne Marttiini ya kafa tasa masana'antar a Rovaniemi a 1928. Ka lura kuma cewa maƙwabtansu, mutanen Sami masu kiwon barewar ƙanƙara a arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, ba su nemi ƙaramar wuƙa ta yi musu komai ba: suna rataya wata babba da ake kira leuku, mai ruwan da ya kai santimita 20 ko fiye, don sare ƙananan itatuwa da fasa ƙashi, ƙaramar kuma tana gefe don aiki mai laushi.

Kukri kuwa abokanka sun yi gaskiya cewa ta fi sara. Ruwanta ya lanƙwasa gaba, nauyinta ya taru kusa da tsini, don haka idan ta sauka sai ta sauka kamar gatari. Amma ita wuƙar aikin yau da kullum ce ta mutanen duwatsun Nepal, ta share daji da faskara da yanka dabba, sojojin Gurkha 'yan asalin Nepal kuma suka sa duniya ta san ta a matsayin makami. Hujjar cewa ba ta dace da aiki mai laushi ba tana jikin kubenta: a bayansa akwai ƙananan ƙarafa biyu, karda wadda ƙaramar wuƙa ce ta yankan hankali, da chakmak wanda ba shi da kaifi, ana gyara bakin babbar da shi, a da kuma ana ƙyasta wuta da shi. Su kansu masu ita sun san ba da ita ake feɗe ƙaramar dabba ba.

Ita Bowie labarinta ya fi aikinta girma, kuma ba don in rage mata daraja na faɗi haka ba. Sunanta ya fito ne daga faɗan da Jim Bowie ya yi a 1827 a kan wani tudun yashi a Kogin Misisipi kusa da Natchez, inda shaidu suka kwatanta abin da ya riƙe da babbar wuƙar mahauta. Siffar da muka sani yau, mai dogon ruwa da tsinin da aka zaftare daga baya da ƙarfen tare hannu, ta bunƙasa ne daga baya, kuma kaso mai yawa na waɗanda aka sayar a Amurka a ƙarni na 19 maƙeran Sheffield ta Ingila ne suka ƙera su. Wuƙa ce ta kare kai a zamanin da bindiga ke harbi ɗaya sai an sake ɗurawa. Masu farautar ɓaunar Amurka da masu ɗana tarko, waɗanda fiɗa ce sana'arsu, sun fi dogara da wuƙaƙe marasa ado irin na Green River, ƙirar kamfanin da John Russell ya kafa a Massachusetts a 1834. Siririn tsinin Bowie da ke kallon sama yana saurin huda tumbi wajen farke ciki, kuma wannan matsala ce ta sa wuƙa mai tsinin da ya ɗan sunkuya ƙasa, wadda maƙerin Amurka Bob Loveless ya yaɗa a ƙarni na 20, ta mamaye hannun mafarautan zamani.

Idan ka faɗaɗa kallo za ka ga ƙa'idar ba ta canzawa. Ulu ta mutanen Inuit na Alaska da Kanada da Girinlan kamar rabin wata take, ƙotarta a sama, don a danna ta da ƙarfin tafin hannu wajen raba fata da kitsen dabbobin teku. Mata ne suka fi aiki da ita, a da da dutse ake yin ta, daga baya aka koma yanko ta daga tsohon zarto. Wuƙar mutanen Yakut na Saiberiya fuskokinta biyu ba iri ɗaya ba ne, ɗaya tana da kwarmi, ɗaya kuma ta ɗan tasa, abin da ke taimakawa wajen fere itace da daskararren kifi. Maharban Matagi na arewacin Japan, masu bin beyar a duwatsu, suna da nagasa, kuma wani nau'inta ƙotarsa bututun ƙarfe ne da ake cusa wa sanda ya zama mashi idan dabba ta taso. Nicker ta yankin Bavariya na Jamus da ƙasar Ostiriya ƙarama ce mai ƙotar ƙahon barewa, ana ƙarasa dabbar da ta ji rauni da ita ta wajen ƙeya.

Ga hukuncina tunda ka nema. A fiɗa da aikin nama puukko ta fi sauran biyun nesa ba kusa ba, a sara da share hanya kukri ba ta da na biyu a cikinsu, a nauyin tarihi kuma Bowie ce gaba. Idan kuna son gwaji na adalci, ku gwada puukko da wuƙar Yakut ko nicker, ku gwada kukri da leuku, sannan ku duba kaurin ƙarfe a bayan baki, inda nauyi ya tsaya idan an ɗora wuƙar a kan yatsa, yadda ƙota ke zama a hannu idan ya jiƙe, da yadda kube ke riƙe ta idan an kifar da shi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina sha'awar fara tara irin waɗannan wuƙaƙe, amma ba ni da ƙarfi sosai. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, ka fara da zaɓen iyaka kafin ka sayi ko guda. Wanda ke sayen duk abin da ya burge shi yakan wayi gari da akwati cike da wuƙaƙen da ba su da alaƙa da juna, ba ya kuma iya cewa komai a kan ko ɗaya. Ka ɗauki fanni guda, ko wuƙaƙen yanki ɗaya, ko na aiki ɗaya kamar na fiɗa daga al'ummomi daban-daban, ko ƙirar masana'anta ɗaya a tsawon shekaru. Ni na fi son na biyun, domin shi ne ke nuna maka yadda mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka warware matsala guda ta hanyoyi mabambanta, wani lokaci kuma suka iso ga amsa kusan iri ɗaya.

Rashin ƙarfin aljihu ba cikas ba ne a wannan fanni, domin wuƙaƙen aiki na gaske yawanci su ne masu sauƙin samu. Wuƙaƙen garin Mora na Suwidin, inda Erik Frost ya kafa masana'antarsa a 1891, har yau ana ƙera su da siffar gargajiya, kuma guda ɗaya daga cikinsu za ta koya maka wasa da riƙo fiye da wuƙar ado da za ka ji tsoron taɓawa. Ina ba ka shawara ka riƙe wuƙa ɗaya ta aiki wadda za ka yanka da ita, ka dakusar, ka wasa, domin wanda bai taɓa yanka da wuƙa ba ba zai gane dalilin siffarta ba.

Abu na biyu shi ne littafin ajiya. Duk wuƙar da ta shigo hannunka ka rubuta tsawon ruwanta da kaurinsa da nauyinta, abin da aka yi ƙota da kube da shi, tambarin da ke jikinta, ranar da ka same ta, da duk abin da mai ita na farko ya faɗa maka game da ita, ka kuma ɗauki hotonta ta fuska biyu. Ka bambance a rubuce tsakanin abin da ka gani da idonka da abin da aka ba ka labari. Kada kuma ka raba wuƙa da kubenta na asali ko da ya tsufa ya yage, domin sau da yawa ɗinkin kube da irin fatarsa sun fi ruwan wuƙar nuna inda ta fito.

Tambaya: Malam, wani mai sayarwa ya ce mini ƙarfen Damaskas mai zane-zane ya fi kowane ƙarfe kaifi, kuma ƙarfen da ba ya tsatsa ba ya riƙe baki. Haka ne?

Amsa: Malam, maganar tasa akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, amma an cakuɗa abubuwa. Abin da ke sa ƙarfen wuƙa ya taurara shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, wanda a yawancin wuƙaƙen gargajiya bai wuce kashi 0.6 zuwa 1 cikin 100 ba, da kuma yadda maƙeri ya shayar da shi. Yakan zuga shi har ya yi ja, ya tsoma shi a mai ko ruwa don ya taurara, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan don ya rage masa gautsi. Idan aka tsallake matakin ƙarshe wuƙa za ta yi kaifi amma ta riƙa ɓarewa ko ta karye, idan kuma aka wuce gona da iri sai ta yi laushi ta riƙa dakushewa da wuri. Ana auna wannan tauri da ma'aunin Rockwell, kuma wuƙaƙen farauta masu kyau galibi suna tsakanin 55 da 62. Wuƙar sara irin kukri, wadda maƙeran Nepal kan ƙera daga tsohon sifirin mota, bakinta kawai ake taurarawa a bar bayanta da ɗan laushi don ta jure duka. Maƙeran Norwe da Suwidin da Japan kuma suna da dabarar sanya ƙarfe mai tauri a tsakiya su lulluɓe shi da mai laushi.

Ƙarfen da ba ya tsatsa sabon abu ne a tarihin ƙira. Harry Brearley ne ya samar da shi a Sheffield a 1913, kuma sirrinsa sinadarin kuromiyam ne da ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Na farko-farko lallai ba su riƙe baki sosai ba, daga nan mummunan sunan ya samo asali, amma na yanzu masu kyau ba su da wannan aibi. Amfanin wannan tarihi gare ka a matsayin mai tarawa shi ne, duk wuƙar da aka ce maka ta ƙarni na 19 ce alhali ƙarfenta ba ya tsatsa, to maganar ba ta tsaya ba.

Shi kuwa Damaskas abubuwa biyu ake kira da sunan. Na asali ƙarfe ne da ake narkawa a cikin tukunya a kudancin Indiya da Siri Lanka, zanensa daga cikin jikinsa yake fitowa, kuma sana'ar yin sa ta mutu tun ƙarni na 19. Wanda ake sayarwa yau ƙarafa iri biyu ne ko fiye da ake haɗawa a wuta, a ninke, a sake bugawa, sannan a jiƙa da asid don zanen ya bayyana. Bill Moran ne ya farfaɗo da shi a kasuwar wuƙaƙen Amurka a 1973. Zanen ado ne, ba ya ƙara kaifi, kuma ingancin wuƙar ya dogara ne da ƙarafan da aka haɗa da hannun wanda ya shayar da su. Akwai ma waɗanda zanen a fuska kawai aka yi musu shi. Ka duba bayan wuƙar, idan layukan ba su ratsa ta can ba, ka yi hattara.

Tambaya: Mahaifina ya rasu ya bar wuƙaƙen farauta da dama da ya tara a tafiye-tafiyensa. Wasu sun yi tsatsa, wasu sun yi baƙi. Ƙanena yana so ya kai su a goge su da inji su yi ƙyalli. Shin ya dace?

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Ina roƙonki ki dakatar da ƙanenki kafin ya kai su ko'ina, domin abin da injin gurza ya ci ba ya dawowa. Inji yana share tambarin maƙeri, yana kashe layukan ƙira, yana rage kaurin ruwa, kuma zafinsa yana iya lalata taurin baki. A wajen masana, tsohuwar wuƙar da aka goge har ta yi ƙyalli darajarta ta faɗi ƙwarai a kan wadda aka bari da kamanninta.

Ki bambance tsakanin abubuwa biyu da kika ambata. Baƙin nan ko toka-tokan da ya lulluɓe ruwan wuƙa ba cuta ba ne, launi ne da ƙarfe ke yi da shekaru da taɓa nama da jini, yana ma ɗan kare shi daga tsatsa, don haka a bar shi yadda yake. Jar tsatsa mai gari-gari ita ce ke cin ƙarfe, ita ce kuma ya kamata a tsayar. A ɗiga mata mai marar kauri irin na keken ɗinki, a bar shi ya kwana, sannan a kankare a hankali da guntun tagulla ko ƙashi ko itace, waɗanda duk sun fi ƙarfen laushi, a goge da tsumma, a maimaita har sai tsumman ya daina yin ja. Kada a sa samfefa, kada a jiƙa wuƙar a ruwan tsami, kada kuma a yi yunƙurin cire ramukan da tsatsa ta riga ta yi. Bayan an gama sai a shafa ɗan mai ko kaki kaɗan. Man girki bai dace da ajiya ba, domin yana yin danƙo da wari idan ya daɗe.

Wajen ajiya, kuskuren da ya fi yawa shi ne barin wuƙa a cikin kubenta na fata shekara da shekaru. Fata tana jan danshi, kuma sinadaran jima da ke cikinta suna cin ƙarfe, suna sa tagulla ta yi kore. A ajiye kowace wuƙa kusa da kubenta amma ba a cikinsa ba, a ɗaura musu alama ɗaya don kada su rikice, a wuri busasshe wanda rana ba ta bugawa, domin zafi yana tsaga ƙotar itace da ta ƙaho. Idan akwai mai ƙotar tsohuwar robar nan da ake kira seluloyid, a ware ta daban, domin idan ta fara lalacewa tana fitar da iskar da ke sa duk ƙarfen da ke kusa ya yi tsatsa. A kuma kulle su inda yara ba za su kai ba. Kafin duk wannan, ku zauna da dattawan gidan da abokan marigayin ku rubuta abin da suka tuna game da kowace wuƙa, inda ya samo ta da lokacin, domin wannan bayanin shi ne ya fi saurin ɓacewa.

Tambaya: An kawo mini wata Bowie mai tambarin IXL, an ce ta zamanin yaƙin basasar Amurka ce. Yaya zan gane ko ta gaske ce?

Amsa: Alhaji, Bowie tana cikin wuƙaƙen da aka fi yi wa jabu, don haka tsayawar da kuka yi ku tambaya ita ce daidai. Tambarin IXL na gidan George Wostenholm ne na Sheffield, amma an ci gaba da amfani da shi har cikin ƙarni na 20, don haka ganinsa kaɗai ba ya nuna shekara, kuma kama da wane ba ta wane. Yaƙin da aka ambata muku an yi shi ne daga 1861 zuwa 1865. Dokar harajin kaya ta McKinley ta 1890 ita ce ta wajabta rubuta sunan ƙasa a jikin kayan da ake shigarwa Amurka, saboda haka idan kun ga an buga England a ƙarƙashin Sheffield, to kusan tabbas an yi wuƙar ne bayan 1890. Sai dai rashin sunan ƙasa ba hujja ba ne cewa ta girmi wannan shekara, tunda abin da aka ƙera don kasuwar gida dokar ba ta shafe shi ba. Irin wannan lissafi yana aiki a wuƙaƙen garin Solingen na Jamus: wadda aka rubuta wa Jamus ta Yamma ba za ta fita daga tsakanin 1949 da 1990 ba.

Bayan rubutu sai ku duba ko tsufan sassan wuƙar ya yi daidai da juna. Ku sa madubin ƙara girma ku kalli tambarin. Na gaske da ƙarfen hatimi guda ake buga shi kafin a taurara ruwan, haruffansa a jere suke, kuma sun tsufa tare da abin da ke kewaye da su, alhali na jabu sau da yawa harafi-harafi ake buga shi, ko a ci shi da asid, ko a ga gefensa da kaifi a kan ruwan da ya sha jiki. Tsatsar shekaru ba ta bazuwa daidai wa daida, takan fi taruwa kusa da ƙota da inda kube ke taɓawa, ta asid kuwa ko'ina iri ɗaya take. Ku duba ƙusoshin ƙota da mahaɗar ƙota da ruwa, idan akwai gam na zamani ko alamar walda to an taɓa ta. Wata dabarar da ta fi wuyar ganewa ita ce a ɗauki tsohuwar wuƙar mahauta ta gaske a sake mata siffa, ko a haɗa tsohon ruwa da sabuwar ƙota, ko a zana kalaman yaƙi a jikin wuƙar da ba ta da su. Idan kuɗin da ake nema mai yawa ne, kada ku biya sai wani masani da ba shi da hannu a cinikin ya riƙe ta ya duba, kuma mai sayarwa ya yarda a rubuce zai karɓi kayansa idan ba su tabbata ba.

Tambaya: Na ga wata tsohuwar wuƙa a ƙasar waje mai farar ƙota, an ce hauren giwa ne. Zan iya saye in taho da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka bar ta. Yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ita ce ke kula da cinikin sassan namun daji tsakanin ƙasashe. An hana cinikin ƙahon karkanda tun 1977, aka kuma yanke shawarar hana na hauren giwar Afirka a 1989, wasu ƙasashe ma sun ƙara tsaurara nasu dokokin, kamar Birtaniya da ta yi dokar haure a 2018. Ko da wuƙar tsohuwa ce, nauyin kawo hujjar shekarunta da takardar izini yana kanka, idan babu su jami'an kwastan za su iya ƙwace ta, a kuma gurfanar da kai. Ban da doka, duk sabon haure da aka saya da sunan tsoho yana ƙarfafa masu kashe giwaye ne, kuma ba na son sha'awarmu ta zama ƙofar wannan ɓarna.

Yana yiwuwa ma ba haure ba ne. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo da gajerun layuka masu duhu, wato hanyoyin jini, shi kuwa hauren giwa idan ka kalli inda aka yanke shi za ka ga siraran layuka suna gicciye juna. Ƙahon barewar ƙasashen sanyi, wanda ke faɗuwa da kansa duk shekara wani ya tsiro, ana yawan yin ƙotar wuƙaƙen farauta na Turai da shi, kuma yawancinsa ba shi da wannan matsala. Kowace irin ƙota wuƙa take da ita, ka binciki dokar ƙasar da za ka fito da wadda za ka shiga game da tsawon ruwa da irin wuƙaƙen da aka hana, ka naɗe ta da kyau ka sa ta a cikin kayan da ake aunawa ba a jakar hannu ba, ka kuma riƙe rasidin sayenta tare da takardunka na tafiya.